Gishiri a Kan Silikon

Sati uku ke nan turanzistocin da ke fitowa daga teburin Consuelo Barragán suna gardama. Turanzista ƙofar lantarki ce kawai: a ba ta wuta kaɗan ta buɗe, a ɗauke ta rufe. Nata kuwa da sun ji ɗumi sai su birkice, su buɗe lokacin da suka ga dama.

Injiniyanmu Halvorsen ya ce gishiri ne ke shiga siririyar fatar gilashin da ke kan silikon ɗin da ake yin turanzista da shi, yana yawo a ciki. Ya ba ta zuwa Juma'a, in bai daina ba ta ajiye farar rigarta ta aiki.

Duk kamfaninmu na Santa Clara a Amurka ba wanda ya kai ni shiga damuwa, don ni na kawo ta aiki daga gonar goba da tuffa inda take tsinka, ga 'ya'ya biyu ba uba. Na kasa zama. Na hana ta gyaɗa mai gishiri, na canza mata safar hannu, na wanke hantsakinta sau uku.

"Lurdes, ki bar ni in yi numfashi," ta ce. "Saura ki ce in daina gumi."

"Da za ki iya da na ce. Miƙo tiren nan, uwar surutu."

Ranar Alhamis Halvorsen ya zo ya tsaya a kanmu kamar mai gadin tukunya. Na ɗauki faifan silikon ɗinta na duba a haske yadda na saba yi mata kullum. Ga wata 'yar ƙura a kai. Na tattara leɓe zan hure ta, sai na tsaya da iskar a bakina.

Yawu. Shi ma ai akwai gishiri a cikinsa. Sati uku ina hure mata ƙura, ita kaɗai, don ina sonta. Kunya ta kama ni.

Halvorsen yana rubutu, bai gani ba. Consuelo ta gani. Ta girgiza min kai a hankali, wai in yi shiru, alhali ita za a kora gobe.

Na ajiye faifan.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ka daina duba hannunta. Bakina za ka duba."