Wurin Takalmin Baba Mai-tashi

Jiya bayan azahar Tanimu ya kifa kai a kan tebur, ya yi wani mafarki. Dama kwamfutarsa ta addabe shi: in ya rufe ta ta yi barci, da ta farka sai wani abu ya lalace a ma'adanarta. A cikinta kuwa muryar marigayiya Innarsa take, wadda ya kwaso daga tsohon kaset kafin ya tsinke.

Ga shi a wani gari da ruwa ke zuba daga ƙasa zuwa sama. Mutanen garin kafin su kwanta sukan juye tunaninsu a ƙore, su jera a zaure. Ƙwaryarsa ce a bakin ƙofa, dariyar Inna a ciki. Gari na wayewa ya tarar an taka ta, rabi ya zube.

Sai ga shi a ofis, wata akuya mai tabarau tana tauna ƙarar da ya shigar.

"Ranki ya daɗe, a kori mai ɓarnar nan!"

"Baba Mai-tashi ne," in ji akuyar. "Ya girmi garin. In mun kore shi, wa zai tashe mu?"

Sai ga shi a zauren, ga wani tsoho makaho yana lalube, takalminsa na dariya irin ta Inna.

"Baba, kai ka taka mini uwa."

Tsohon ya tsaya cak. "Ɗana, tun ba a yi gini ba nan nake tuɓe takalmi. Ba wanda ya ce mini an sa kaya."

Tanimu ya zo da faɗa, amma tausayi ya kashe masa jiki. Ya kwashe ƙoren ya kai ciki, ya bar bakin ƙofa fili, ya baza yashi don ya ga inda sawun ke kaiwa. Tsohon ya tuɓe takalmin, ya karkaɗe sauran dariyar cikin ƙwaryar.

Ƙarar jarkokin mai ruwa ta tashe shi.

Bai ko wanke ido ba ya zauna ya gyara tsarin: farkon ma'adanar ya bar wa tsohuwar manhajar da ke tada na'urar, wadda ashe ita ke take abin da ke can, kada a ƙara ajiye komai a wurin. Ya rufe kwamfutar, ya buɗe, ya kunna muryar.

Inna ta yi dariyarta har ƙarshe, ta ce, "Tanimu, ka ci abinci kuwa?"