Furannin Ummul Khairi

Tanimun manomin albasa ne a bayan garin Malbaza, bai taɓa shuka abin da ba a ci ba. Matarsa Ummul Khairi ce ta samo irin furanni wurin wata malamar lakwal, wato makarantar boko, ta yafa shi gindin randa, tana burin wata rana ta yanko su ta jera a ɗaki. Sun fara tasowa ke nan ciwo ya kwantar da ita asibitin Konni.

"Malam, ka kula mini da su," ta ce da shi.

Ya kuwa kula. Ya kai musu taki, ya kange su daga awaki. Da ya ga sun fid da kai, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsinke, yadda yake wa albasa don ta yi ƙiba. Hannunsa bai san wata kulawa ba sai wannan.

Ranar da aka maido ta gida, ta daɗe tana duban ganyen, sannan ta yi murmushi.

"Ai kan shi ne furen, Malam."

Ba ta kai ƙarshen watan ba.

Bayan sadakar arba'in, kowane reshen da ya tsinke ya fito da biyu, gindin randa ya cika da ja da rawaya. Tanimun ya yanko su ya shiga ɗakinta, ya tsaya riƙe da su. Bai taɓa tambayar ta inda take son a ajiye su ba.