Irin Tumatirin Dije

"Sun tsaya?" in ji Dije daga cikin ɗaki, da muryar da ta kai bakin ƙofa da ƙyar.

Maryamu tana durƙushe a gindin katanga, hannuwanta dumu-dumu da laka. Dashe arba'in ta yi ranar Talata. Yau Juma'a, uku ne kawai a tsaye, sauran duk sun kwanta, wuyansu ya yi baƙi ya laushe kamar jiƙaƙƙen zare.

Katanga ɗaya ta raba gidanta da na tsohuwa Dije a ƙauyen nan na bakin kogi, a hayin garin Rufa'a. Kowa ya san tumatirin Dije, ƙanana masu tsami, waɗanda ko ka juye kasuwa ba za ka samu irinsu ba. Uwarta ce ta ƙullo irin a bakin zane daga Gobir, a tafiyar Makka da ƙafa wadda ta ƙare a bakin kogin nan. Duk shekara Dije kan matse 'ya'yan a tsumma, ta shanya, ta soke a rufin ɗaki. Bana ciwon ƙirji ya kayar da ita, ga shi ba ɗa ba jika, sai ta miƙa wa Maryamu tsumman. Maryamu kuwa, da zafin nama, ta shuke irin kakaf a gidan tsohuwar, ba ta rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Ita fa ba raguwa ba ce. Shekara ashirin tana aiki a gonakin audugar mutane, inda ake buɗe ruwa daga magudana a bar shi ya kwanta har idon sawu. Abin da ta sani ke nan, shi ta yi wa dashen Dije, safe da yamma, har tana jin daɗin kanta. Baƙar ƙasar wannan yanki na Jazira kuwa idan ta sha ruwa ba ta saki da wuri.

Ta shiga ɗakin ta zauna a ƙasa kusa da angarib, gadon igiyar da tsohuwar ke kwance a kai.

"Inna, na kashe miki su. Saura ukku."

"Garwa nawa kinka ba su?"

"Goma sha biyu. Kullum."

"Ke ɗiyar nan! Auduga kinka ɗauke su?" Dije ta fara dariya, tari ya ƙwace dariyar, sai da Maryamu ta tallafe ta. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Saurara. Ki soka yatsa ƙasa. In laka ta kama shi, ko ɗigo kar ki ba su. Ki zuba toka a gindi, ki yi musu inuwa da kara."

"In waɗanga ma sunka mutu fa?"

"To kalas, shi ke nan. Babu sauran abin da munka taho da shi daga gida."

Maganar nan ta tsaya wa Maryamu a ƙirji. Ta daina zuwa gona, ta bar tuwon gidanta a hannun Allah. Tana yini a gindin katangar tana soka yatsa a ƙasa sau ba adadi, kamar yawan dubawa zai busar da ita. Ranar Asabar biyu suka bi 'yan'uwansu. Ta yi kuka sosai, amma da bakin zane a baki don kada tsohuwar ta ji.

Ranar Lahadi da hantsi ta ga na ukun ya miƙe, har da ɗan sabon ganye a ka. Ta ruga ɗaki tana cewa, "Inna, ɗaya ya tsaya! Wallahi ya tsaya!" Dije tana fuskantar bango, hannunta ɗaya ya zubo daga gadon. Maryamu ta sake faɗa a kunnenta, ta kuma sakewa, ko da yake ta riga ta gane rai ya yi halinsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san ko tsohuwar ta tafi da zaton duk sun mutu ba.

Mata suka cika gida da salati. Barakatu, mai wankan gawa a unguwar, ta ce Maryamu ce za ta zuba ruwa tunda ita ta yi jinya. Maryamu ta ɗauki moɗa ta fara. A zubawa ta uku ta ji ƙarar ruwan yana bin rariyar ɗakin, sai ta tuna rariyar nan a kan dashen take zubarwa.

Ta dangwarar da moɗar ta yi waje.

"Maryamu! Ina za ki, gawa kwance?" Barakatu ta daka mata tsawa. "Kin zautu?"

"Wata ta amshe ni, Yaya. Don Allah wata ta amsa."

Ruwan ya riga ya fito, saura taki ɗaya ya kai. Ta zube a gwiwa ta yi ta yaɓo laka da hannu biyu, ta tayar da 'yar kunya ta tare shi, ta ja masa hanya da yatsu zuwa ƙofar gida. Mata suka tsaitsaya suna kallonta, wata tana cewa ma'alesh, a yi mata uzuri, baƙin ciki ne ya taɓa ta. Ba ta ɗaga kai ba.

A ciki wata ta ɗauki moɗar, ruwa ya ci gaba da fitowa da ƙamshin magarya. Maryamu ta dafe kunyar da tafin hannu, ruwan wankan Dije yana bi ta gefen yatsunta yana wucewa, ɗan dashen yana tsaye a bayan hannunta cikin tokarsa busasshiya.