Abin da Baba Mordecai Ya Faɗa wa Edith

Edith ta daɗe tsaye a bakin labule kafin ta yi sallama. Ledar lemo na hannunta, jakar kwamfutarta kuma na rataye a kafaɗa, wadda sai da ta iso ƙofar ta tuna ya kamata ta baro ta a ɗakinsu. Komawa kuwa ba ta yiwuwa, don Mama Josephine ta riga ta hango ƙafafunta ta ƙarƙashin labulen.

"Shigo mana, 'yata. Kin tsaya kamar baƙuwa."

Mijinta, Baba Mordecai, yana kwance, an lulluɓe shi da zanen Zumuntar Mata har ƙirji. Ciwon ƙoda ya cinye shi, sai kan nan nasa mai sanƙo da manyan hannayensa suka rage yadda Edith ta san su. Asibiti sun sallamo shi ne ba don ya warke ba, kowa a gidan hayar ya san haka, shi ya sa ko rediyo ba a kunnawa a tsakar gida.

Ta durƙusa ta gaishe da Mama, ta tambayi mai jiki, ta ajiye lemon, ta tura jakar bayan kujera da ƙafa. Mama Josephine ta ce tun jiya bai buɗe ido ba. Ita dai zaman jira take, ko Allah zai sa ya farka ta ji muryarsa, ta kuma kira masa 'yarsu Marvellous da ke Fatakwal su yi magana.

Tun Edith tana ƙarama suke gida ɗaya a Sabon Gari. Da ta gama jami'a ta yi ta zaman gida, Baba Mordecai ne ya ɗauke ta a bayan babur ɗinsa har Samaru, ya kai ta wurin Oga Emenike, mai wani ɗakin gwajin jini da shi Baban yake kula wa da kwamfutoci. Da ciwo ya kwantar da shi, aikin ya dawo hannunta, har da tsohuwar sabar da ke ɗan ɗakin baya, babban injin da ke riƙe da sakamakon kowane mara lafiya.

Injin nan ne ya wayi gari yana ƙara, wata fitila ruwan ɗorawa tana ƙifta a goshinsa. A cikinsa akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai zaman kanta, wadda ta nan ake duba lafiyarsa daga nesa, zafinsa da fankokinsa da faifansa na ajiyar bayanai. Kalmar sirrin shiga wannan kuwa Baba kaɗai ya san ta. Hanyar da Edith ta sani ita ce a kashe injin, a sake kunnawa, a canza kalmar yayin da yake tashi. Amma Baba ya sha ja mata kunne cewa faifan sun tsufa, idan suka tsaya ba lallai su sake juyawa ba. Ko da akwai kwafin ajiya, kafin a samo wani injin daga Legas aiki ya tsaya, masu ciki da masu zazzaɓi suna zaune a benci suna jiran takardunsu.

Oga Emenike bai ga abin wahala ba. Ya ce ba maƙwabcinta ba ne? Ta je ta gaishe shi, idan ta ga fuska ta tambaye shi. Shi ne ma ya sayi lemon a bakin titi.

Suna zaune sai ƙaurin kunu ya shigo daga waje. Mama Josephine ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Bari in sauke shi kada ya kama. Idan ya motsa ki kira ni, kin ji?"

"To, Mama."

Ko takun silifas ɗinta bai gama ɓacewa ba Baba Mordecai ya buɗe ido. Ya kalli silin, ya juyo a hankali, ya gane ta. Edith ta buɗe baki za ta kira Mama, sai ta ga idonsa ya sauka kan igiyar jakar da ta leƙo daga bayan kujera. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Injiniya," ya ce, muryar kamar daga cikin tulu. "Emenike ne ya aiko ki."

Ba ta ce a'a ba. Ta matso ta durƙusa a gefen gadon, ta gaya wa kanta magana ɗaya ce kawai, daga nan sai ta kira Mama. Ta faɗa masa ƙarar, da fitilar, da kalmar da babu wanda ya sani. Ya lumshe ido yana nema a ransa, ya daɗe, sannan ya ce ta tafi, ba ya iya tuno ta. Sai ya ɗaga yatsa alamar ta kawo kunnenta.

"Ba ki buƙatarta. Kina iya shiga babban injin, ko? To daga ciki za ki yi wa ƙaramar magana. Wanda ke ciki, ba ta tambayarsa komai." Ya huta, yana jan numfashi. "Ki nemi jerin sunaye. Na biyu. Ki sa masa sabuwa. Kada ki kashe."

Ya ambaci sunan 'yar manhajar da za ta yi aiki da ita, ya maimaita don kada ta manta. Edith ta ce na gode, Baba. Ta juya za ta yi kira, sai ta ga Mama Josephine tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu a hannu, tana kallon kanta da ke sunkuye a bakin mijinta. Mama ta ƙaraso da sauri tana kiran sunansa, ta ajiye kofin, tana laluben wayarta a bakin zane. Amma idanunsa sun riga sun rufu. Ta shafa masa kai, ta sake kira, sai numfashi kawai.

Edith ta ce ana jiranta a wurin aiki. Ta ja jakarta ta fita ba tare da sun haɗa ido ba.

A cikin keke napep, daga Kwangila har Samaru, ɗalibai biyu suna gardamar jarrabawa a gefenta, ba ta ji ko ɗaya ba. Ta shiga ɗakin baya, ta zauna a kan kwali, ta yi yadda ya ce. Jerin sunaye ya fito, ta ɗauki na biyu, ta sa sabuwar kalma, ta buɗe shafin ƙaramar ƙwaƙwalwar ya karɓe ta. Fanka ɗaya ce cikin fankokin ta mutu, irin wadda ake zare ta a sa wata injin yana aiki. Shayin da Oga Emenike ya haɗa lokacin da ta shigo ko hucewa bai yi ba. Ya yi ta yabonta a gaban ma'aikata. Da ya fita, ta rubuta tambayar a intanet ta wayarta don ta gani, sai ga amsar a shafin farko, layi-layi, yadda Baba ya faɗa. Ta kife wayar a cinyarta.

Baba Mordecai bai sake farkawa ba. Washegari da la'asar ya cika.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba daga coci, matan zumunta suna waƙa da tukwane da caki. Edith ta maƙale a bayan gida wurin famfo, ta ɗauke wa kowa wanke-wanke. Idan aka ce a kai ruwa ɗakin Mama sai ta miƙa wa wani. Mahaifiyarta har ta yi mata faɗa, ta ce mutumin da ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, ta kasa shiga ta zauna da matarsa?

Ranar da Marvellous ta iso, Mama Josephine da kanta ta aiko a kira ta. Tana zaune a tabarma da baƙin ɗankwali, tiren shinkafa a gabanta tana tsince duwatsu, don ta ce zaman haka kawai yana sa ta jiri. 'Yarta na gefenta, idanu sun kumbura. Mama ta sallami sauran matan, ta nuna wa Edith wuri kusa da ita.

"Ke ce ta ƙarshe da ya yi wa magana," ta ce. "Na ga bakinsa yana motsi. Ban so in tambaye ki ba sai 'yar'uwarki ta zo, mu ji tare. Me ya ce?"

Marvellous ta gyara zama. Edith ta san abin da suke jira, ta kuma san za ta iya ba su. Da ta ce ya ce a gaida Marvellous, ko ya ce Mama ta yi haƙuri, babu mai ƙaryata ta har abada. Kalmomin sun zo mata har bakin harshe. Ta kalli hannayenta da sabulu ya yi wa fari.

"Maganar aiki ce, Mama. Ni na tambaye shi. Kin ce in kira ki, ban kira ba."

Marvellous ta kau da kai ta kalli bango. A waje wata mata ta ɗauko sabuwar waƙa, sauran suka amsa. Mama Josephine ta ci gaba da tura shinkafa da yatsa, gefe zuwa gefe.

"Abin ya gyaru?"

"Ya gyaru, Mama. Fanka ce."

"To." Ta cire wani ɗan dutse ta ajiye a bakin tabarma. "Faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ki gyara komai."

Edith ta faɗa, tun daga injiniya har zuwa kada ki kashe, har da sunan manhajar sau biyu kamar yadda ya yi. Ba ta tsallake ko kalma ba. Mama Josephine ta ce ta sake, Edith ta sake.

Daga nan ba ta ƙara kallonta ba, ba ta kuma ce ta tashi ba. Ta jawo tiren kusa, kanta a sunkuye, leɓɓanta suna motsi a hankali tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, jerin sunaye, na biyu, sabuwa, yatsunta suna ta tafiya cikin shinkafar.