Zoben Don Bartolo

A watan Maris na shekarar 1997, a garin Estelí na ƙasar Nikaragua, Don Eulalio Zeledón yana da teburan naɗin taba goma sha huɗu, da dila tara ta ganyen da bai yarda kowa ya taɓa ba. A kan teburan nan ake naɗa puro, tabar nan mai kauri ta zallan ganye, amma ko kara ɗaya bai taɓa fita da sunan gidansu ba. Masu sunan da ke kan tabar suna can Miami ta Amurka. Sukan aiko da zoben takarda mai tambarinsu, shi kuwa ya naɗa, ya zura zoben, ya cika akwatuna.

Dila taran girbin 1992 ne, daga wata 'yar gona a bakin rafi cikin kwarin Jalapa, wadda mahaifinsa, marigayi Don Bartolo, ya share da hannunsa. An tara ganyen tsibi ya yi gumi, an juya, an sake tarawa, sannan aka ɗaure shi aka ajiye a ɗakin baya har ɗacinsa ya mutu. Niyyar Eulalio ita ce ya fitar da taba da sunan tsohon. Har ya sa an buga zobba dubu biyar a Managua, babban birnin ƙasar, kowanne da hoton Don Bartolo sanye da malafa.

A shekarun nan ne Amurkawa suka faɗa son puro, ganye mai kyau ya yi wuya. Ana haka sai ga Don Raimundo Quiroga, mutumin Kuba mazaunin Miami, wanda shi ne ya fara ba Eulalio aiki bayan yaƙin basasar ƙasar. Yana shiga ya shaƙi ƙamshin ganyen, ya dubi Eulalio, wanda yake kira Lalo.

"Lalo, me ka ɓoye a ɗakin baya? Mace ce?"

"Da mace ce, da tuni matata Clemencia ta binne ni. Ganyen Baba ne, Don Raimundo. Ba na sayarwa ba ne."

"Haba aminina! Ni da na fara zuwa nan lokacin da kaji suke kwana a kan teburanka? Shaguna suna jirana, ba ni da ganyen da zan lulluɓe ko kara ɗaya. Gonar ai ba ƙafa gare ta ba. Baɗi ka girbe wani."

Daga ƙarshe Eulalio ya ba shi hannu, ciniki ya faɗa. Da baƙon ya fita, Doña Clemencia ta dire wa mijinta kofi da ƙarfi.

"Tsoho, shekara biyar Baba yana jira a ɗakin nan. Yanzu za ka tura shi Miami da rigar wani?"

"Ke dai zuba sukari. Ƙasa ɗaya ce, iri ɗaya ne. Mutumin da ya buɗe mana ƙofar nan zan kora?"

"To. Ni na faɗa."

Aka kwance dilolin. Eulalio ya zauna da kansa ya naɗa karan farko, ya zura masa zoben Don Bartolo, ya fita tsakar gida ya kunna. Tun zuƙar farko ya gane bai taɓa naɗa kamarta ba, kuma ya gane haka ne bayan ya riga ya ba da hannu. Ya sha ta har wuta ta kusa cin hoton. Sauran duka suka tafi da zoben Don Raimundo.

Girbin wannan shekara da na bayanta ma suka bi hanyar Miami tun ba su gama nuna ba, domin masu saye ba su da haƙuri. Kullum Eulalio yana cewa baɗi.

A ƙarshen Oktoba 1998 guguwar Mitch ta sauka da ambaliyar ruwa. Da ruwa ya janye, Eulalio ya tafi Jalapa, ya tarar rafin ya kwashe baƙar ƙasar gonar, ya bar yashi da duwatsu. Ya daɗe tsaye, malafarsa a hannu.

Ya shuka irin a wasu gonaki uku. Ganyen ya yi kyau, amma duk lokacin da ya ɗanɗana sai ya girgiza kai, ya ce ba zai sa fuskar mahaifinsa a kan wannan ba. Clemencia ba ta sake tayar da maganar ba.

Don Eulalio ya rasu a shekarar 2004. Teburan sun ci gaba da naɗa wa masu suna na Miami. Zobban suna nan cikin akwatinsu a ɗakin baya, guda ɗaya ne kawai babu.