Karnukan Baba Zakiru

"Ba ni tahiya mustashfa, ɗiyata. Wa za ya ba su ruwa?"

Baba Zakiru ke nan, zaune a bakin ɗakinsa, ƙafafu sun kumbura sumtum. Maigidana Abdulazeez ya bar mota a kunne a ƙofar gona don mu kai shi asibiti, ni kuwa raina ya gama ɓaci. Mutum yana numfashi da ƙyar, amma zancensa karnuka.

"Baba, ta ranka ake yi."

"Su ma rai gare su, Lami."

Tun da muka tare a unguwar Al-Awali ta birnin Manzon Allah muke maƙwabtaka da wannan tsoho, mutumin Maraɗi, mai gadin gonar dabino. Can bayan wata gona da aka daina nomawa akwai wani keji da mafarauta ke jibge karnukan da suka tsufa ko suka karye, su manta da su. Shi ya riƙa kwaso su ɗaya bayan ɗaya, ga ƙazuwa, ga haƙarƙari a waje. Sau nawa zan aika masa shinkafa da kaza don ya ji ƙarfi, in leƙa in tarar da kan kare a cikin kwanona? In dawo in yi ta wanki sau bakwai, har da ƙasa, ina mita. Na sha haushin tsohon nan ba kaɗan ba.

Mai gonar kuma ya riga ya faɗa, ranar da Baba ya bar wurin, keji karnukan za su koma.

"Yalla ya Baba," in ji Abdulazeez, "mu je, ba'aden, in mun dawo, a duba lamarinsu."

"Haka masu su ma sunka ce."

Sai da na ɗauki alkawari da bakina cewa zan kula da su, don kawai ya tashi, sannan ya yarda aka kama shi zuwa mota. Bai dawo ba. Aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a, rabon da wasu ke roƙo da hawaye. Ni kuwa ya bar min karnuka.

Alkawari kaya ne. Muka yi ta bin gonaki, Abdulazeez da farar rigarsa ta kantin magani yana tambayar mai son kare na gadi. Duk aka karɓe su, sai wata tsohuwar karya makauniya.

"Wannan ba gadi, ba farauta," in ji maƙwabciyata Ummu Salma. "Ma yajuz, bai halatta ki ajiye ta ba."

"Gadi take yi," na ce, ina jin haushin kaina.

Da la'asar na kai mata ruwa gindin katangarmu. Ba ta sha ba. Ta juya kai wajen ƙofar gonar, kunnuwa a miƙe, tana sauraron takun masu wucewa.