Muryar Kaka a Zangonta

Wanda ya fara sa kunne ga sama kafin ya sa hannu a kan lasisi shi ne Shugaba na Farko na hukumar rabon zangon rediyo, a shekarar da hukumar ke da ɗaki ɗaya da fanka ɗaya mai kuka. Ka'idarsa ita ce, ba a ba kowa zango sai Shugaba da kansa ya hau ɗakin sauraro, ya sa na'urar ji a kunne, ya murɗa maɓalli da yatsunsa, ya tabbatar babu mai magana a wurin. Na biyu ya bi sawunsa. Na uku ya bi yana ƙunƙuni. Ta huɗu 'yar na farkon ce, kuma a zamaninta wannan al'amari ya auku.

Tun mahaifinta na kan kujera aka harba wani ɗan tauraron ɗan'adam mai kai wa manoma labarin ruwan sama. Ma'aikata suka raɗa masa suna Amarya. Shekaru suka tura, Amarya ta koma Kaka. Doka kuwa a sarari take: muddin ana jin muryar tauraro a zangonsa, zangon da hanyarsa ta sama nasa ne, ran da ya yi shiru, sai a miƙa wa mai nema na gaba. Injiniyoyin hukumar na ƙera magajiyar Kaka a ɗakin ƙasa, amma ko fikafikanta ba a ɗaura ba. In zangon ya tafi, magajiya za ta tashi sama ba ta da inda za ta yi magana.

Mai nema na gaba wani kamfani ne da ke son watsa dubban taurari a sama kamar an zubar da tsaba. An riga an ba shi zangon da ke ƙasa da na Kaka, yana neman ya haɗa da nata. Lauyansa kuma, kamar da gangan, ƙanin mijin Shugaba ne.

Da hantsi ya shigo, bai ko zauna ba.

"Matar Yaya, ina yi miki ta'aziyya. Sabuwar na'urarku ta ce tsohuwa ta cika. Sa mana hannu mu je mu yi sadaka."

"A nan Shugaba nake, Auta. Matar Yaya tana gida."

"To, ranki ya daɗe, Shugaba, sa hannu."

"Sai na ji da kunnena. Haka na farko ya yi, haka na biyu."

"Na uku fa?"

"Ya yi, yana zumɓura baki irin naka. Biyo ni, lokacin wucewarta ta samanmu ya yi."

Ɗakin sauraro na ƙarshen matakala, ƙarƙashin babban farantin da ke kallon sama. Kujerar fatar ta tsage, soso ya leƙo. Tsohon akwatin sauraro na ta ɗumi, yana warin waya mai zafi. Sabuwar na'ura kuwa na gefe, ta kafa ido a kan zangon Kaka daidai wa daida, ba ta waiwayen dama ko hagu. Takan saurara ɗan lokaci kaɗan idan Kaka ta ɓullo daga gefen sama, ta rubuta shiru, ta koma barci.

Shugaba ta sa na'urar ji, ta miƙa wa Lauya ta biyu. Sai shuuu ya cika musu kai, kamar ruwa na sauka a kan kwanon wani gida mai nisa. Ta lumshe ido. Ta ga kanta ƙarama a cinyar mahaifinta, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, babban hannunsa a kan nata suna murɗa maɓallin tare. Ɗakin ya yi sauƙi, kujerar ta zama kamar kwalekwale, rufin ya buɗe, hanyoyin sama suka bayyana sirara, kowace da mai ita.

A zangon Kaka, babu komai.

Ta murɗa ƙasa kaɗan, sannu a hankali. Can sai ga ta: wani siririn fito mai rawa, kamar tsohuwa na kiran jika daga bayan katanga.

Lauya ya zabura.

"Ai nan namu ne! Matar Yaya, tsohuwarku ta shiga gonar mutane. In kin ce ta mutu, zangonta namu ne. In kin ce tana raye, ta keta doka, a kashe ta. Zaɓi wanda ya fi miki daɗi."

Shugaba ba ta buɗe ido ba.

"A zamanin na biyu," in ji ta, "wata tasha ta zame daga zangonta saboda sanyi. Bai ƙwace ba. Ya zauna a kujerar nan har ta koma. Kaka daga inuwar duniya ta fito yanzu, jikinta bai yi ɗumi ba. Kai ma da safe ai ba a gane muryarka."

"Ni ba tauraro ba ne."

"Wannan kowa ya sani. Zauna."

Ya zauna a bakin tebur, jakarsa a cinya. Hasken rana ya rarrafo ta taga ya hau takalminsa. A sama ma rana na dafa tsohon ƙarfe. Fiton ya soma hawa, Shugaba na bin sa da yatsu kamar mai rakiyar wadda ke dogara sanda. Ya hau, ya tsaya ya huta, ya sake hawa. Lauya ya manta da agogonsa. Har leɓɓansa na motsi, yana cewa, "Taho, Kaka, saura kaɗan."

Allurar akwatin ta zo ta tsaya a kan jan layin da Shugaba na Farko ya zana da hannunsa, alamar zangon Kaka. Muryar ta daina rawa, ta miƙe sak, ta zauna a gidanta har Kaka ta gangara ɗaya gefen sama.

Lauya ya cire na'urar ji, ya share ido da bayan hannu.

"Zafin akwatin nan ne," in ji shi.

"Na sani, Auta. Ka ji ta a zangonta?"

"Na ji. Amma kada ki gaya wa Yaya na yi wa Kaka kirari."

Ga abin da aka samu, ga abin da aka riƙe. Kamfani ya samu lasisin sauran hanyoyin da ya nema, da alkawarin za a magance masa kutsen da Kaka ke yi a zangonsa da safe; taurarinsa na can suna jere. Sabuwar na'ura ta samu umarnin ta riƙa haƙuri har ƙarshen wucewa. Kaka ta riƙe zangonta da hanyarta har magajiya ta yi fikafikai. Hukuma ta riƙe ka'idar na farko, da jan layinsa, da kujerar da har yau ba a yarda a ɗinke ta ba.